Foldar da Ta Haɗiye Aikin Fensir

Ku da kuka cika min akwatin saƙo kuna cewa na cika ruwan ido, har da baiwar Allahn da ta rubuto min cewa ita a shekaruna 'ya'yanta uku, na gode, Allah ya raya su. Yau ku gyara zama ku ji abin da ya faru ranar Litinin ɗin da aka sa Fensir zai zo gaida Abba, in kun gama sai ku yanke min hukuncin da kuka saba.

Ga waɗanda yau suka shigo, mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni da ƙanwata Auta. Auta tana da wanda ya fito, mutanensa sun yi zarya har takalmansu sun san hanyar gidanmu, amma Umma ta kafe cewa ƙanwa ba za ta riga yayarta fita ba. Don haka ni ce motar da ta mutu a bakin get, ban fita ba, ban bar na bayana ya fita ba.

Aikina kula da kwamfutoci ne a wani ƙaramin kamfanin zanen gine-gine. Umma tana kiransa aikin rarrafe, saboda ta taɓa zuwa ta same ni a ƙarƙashin tebur ina bin waya, gwiwar rigata duk ƙura. Ni kuwa ina son abina kamar me. Fensir a nan yake, mai zane ne, dogo, mai tsafta har ta yi yawa. Ni na raɗa masa sunan, don kullum da fensir a maƙale a bayan kunnensa, alhali tun da na san shi ban taɓa ganin ya ja layi da shi ba, komai a kwamfuta yake yi. Da ya ce yana sona sharaɗi ɗaya na gindaya masa, na ce ba zan bar aikina ba. Ya dafa ƙirji ya ce ai aikin nan ne ma ya fara burge shi a tare da ni, mace mai magana da injina. Na koma gida ranar ina murmushi ni kaɗai a cikin mota kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

To bari in yi muku bayanin foldar, don ba za ku gane wulaƙancin ba sai kun gane ta. Ku yi haƙuri, ba zan daɗe ba.

Kwamfutocin ofishinmu iri uku ne, kuma babu wadda take jin yaren 'yar uwarta. Hajiya Akanta, mai riƙe mana lissafi, Windows gare ta. Masu zane Mac suke amfani da ita, suna kuma ɗaga hanci a kan haka. Sai saba, babbar kwamfutar da ke ajiye aikin kowa, tana wani ɗan ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin bene, ita Linux take ci, ba hoto ba ado, baƙin allo da farin rubutu. A cikin sabar akwai folda guda mai suna Aiki, kuma dole kowa ya gan ta daga kan teburinsa. Wata manhaja ce da ake kira Samba take yi musu tafinta. A wurin Hajiya Akanta foldar tana fitowa da harafin Z, har ta mayar da ita tata, “Z ɗina” take cewa. A wurin masu zane tana zaune a gefen allo da sunanta. Ni nake tsara wanda zai iya rubutu a ciki da wanda kallo kawai aka yarje masa. Kowannensu yana tsammanin foldar a cikin cikin kwamfutarsa take, ni ma na daina musu gardama, tun ranar da Oga ya ce in zuba masa ita a filash, ɗan ma'ajin nan na sa wa a aljihu, zai tafi da ita gida.

Matsalar ita ce cikin sabar ya cika. Na yi ta naci har Oga ya gaji ya sayo akwatin ajiya, wani baƙin ƙarfe mai fitilu da ake jona shi da waya. Dabarata mai sauƙi ce. Ranar Juma'a da yamma in kwafe duk abin da ke cikin Aiki in zuba a akwatin. Litinin da safe in ɗora akwatin a kan foldar. Ɗorawa a wurinmu shi ne ka ce wa saba, daga yau duk wanda ya buɗe wannan ƙofar ki kai shi cikin akwatin can. Kowa zai ci gaba da danna abin da ya saba dannawa, ba wanda zai san an yi ƙaura. Abu ɗaya ne kawai. Abin da ke cikin tsohuwar foldar ba ya gogewa, amma yana rufuwa, kamar ka shimfiɗa kafet a kan takardu. Suna nan ƙasa, sai dai ba mai ganinsu sai an ɗage.

Saboda haka na tura saƙo a zauren hirarmu na ofis da ke waya ranar Juma'a, da manyan baƙaƙe, na ce don Allah kada kowa ya ajiye komai a cikin Aiki ranar Asabar da Lahadi, duk abin da aka sa bayan na gama kwafa ba zai bi mu sabon gida ba. Hajiya Akanta ta rubuto “To.” Oga ya ɗaga babban yatsa. Fensir ya manna jar zuciya. Shi dama kowane saƙo nawa jar zuciya yake manna masa. Akwai ranar da na rubuta masa cewa an kwantar da Gwaggo a asibiti, jar zuciya ya turo. A lokacin soyayya na kira abin.

Rana ba ta ƙarya. Litinin da safe na fito na tarar an juya gidanmu. An canza labulen falo, an fito da kofunan nan masu bakin zinare da suke cikin kabad tun ina firamare, waɗanda in ka kalle su da kyau ma sai an yi maka faɗa. Auta ta riga ta shimfiɗa min kayan yamma a kan gado, doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, da mayafi mai shara-shara, da takalmin da ita ta saya da kuɗinta don kada in ce ba ni da shi. Umma ta bi ni da kallo daga sama har ƙasa, ta ga baƙar abaya da jakar goyo mai cike da wayoyi, ta ce in na ga dama yau ma in dawo da yanar gizo-gizo a ka. Ta ce ƙarfe huɗu ta yi min a gida. Auta ta raka ni har bakin get tana gyara min gyale, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta.

Ni na fara isa ofis. Na shiga ɗakin saba, na ɗora akwatin, na rubuta layin da zai sa ko wuta ta ɗauke ta dawo sabar ta ɗora shi da kanta. Na je kan teburin Hajiya Akanta na gwada, Z tana nan daram. Na je kan wata Mac na ƙirƙiri fayil, na dawo Windows na gan shi, na goge shi daga can, ya ɓace a nan. Wanda bai taɓa sa injina uku masu taurin kai sun yarda da magana ɗaya ba, ba zai san daɗin da na ji ba. Na haɗa shayi na zauna ina kaɗa ƙafa.

Fensir ya shigo yana ƙamshi, rigarsa ta sha guga har tana iya yanka. Ya wuce ta gaban teburina bai ce komai ba, don a ofis muna kama kanmu, amma yana zama wayata ta yi ƙara.

“Gimbiya, yau ce ranar. Tun jiya nake haddace gaisuwa.”

Na mayar masa cewa ya rage turare, Abba yana da atishawa. Jar zuciya ta biyo baya.

Ban kai rabin shayin ba na ji kujera ta faɗi. Fensir ne a tsaye, hannu biyu a ka. Ashe akwai zanen wata makaranta da masu ita za su zo karɓa da azahar, kuma bawan Allah ya zo ofis Asabar da Lahadi shi kaɗai ya ƙarasa shi. Yanzu ya buɗe ya tarar da zanen yadda yake ranar Juma'a, gini ba bene ba rufi, tagogi rabi. Aikin kwana biyu ya yi layar zana.

Wallahi kafin ya rufe baki na san inda aikin yake. Yana ƙarƙashin kafet. Ya ajiye shi a tsohuwar foldar bayan na gama kwafa, ni kuma na zo na ɗora akwati a kai. Ko ɗigo bai ɓata ba. Har tausayi ya ba ni, na miƙe ina shirin in ce masa ya kwantar da hankalinsa, kafin ya sha ruwa na fito masa da shi. Sai ga Oga ya fito daga ofishinsa da tabarau a goshi yana tambayar lafiya.

Fensir bai kalle ni ba. Wannan shi ne abin da na fara lura da shi. Ina tsaye kusa da shi har ina jin turarensa, amma sai ya fuskanci Oga yana yi masa bayani a kaina, kamar na yi tafiya. Ya ce an taɓa saba, an goge masa aiki. Ya ce shi dama tun da aka kawo akwatin nan hankalinsa bai kwanta ba, irin wannan babban aiki ba a barin mutum ɗaya da shi, balle wanda iyakarsa jona firinta. Ya ce yana da aboki ƙwararre, in an kira shi yanzu wataƙila ya ceto wani abu. Sauran masu zanen suka sunkuyar da kai suna kallon allonsu, kunnuwa kuwa duk suna wurinmu.

Ni da ake magana a kaina na yi shiru. Zan faɗa muku gaskiya, da gangan na yi. Kalma ɗaya ta isa ta kashe wutar, amma wani abu a raina ya ce ke dai tsaya ki ji ƙarshen waƙar. Oga ya ce a bi a hankali, Malama ba ta taɓa ɓatar mana da komai ba. A nan ne Fensir ya ƙarasa.

“Oga, ai shi ya sa na ce maka tun watan jiya ka fara neman wanda zai karɓe ta. Hankalinta ya riga ya koma gida. Da an ɗaura ai ajiyewa za ta yi, mun gama wannan maganar.”

Mun gama. Ni da wa? Na tsaya ina lalube a cikin kaina ko akwai wata rana da na yi wannan zancen cikin barci. Oga ya kalle ni ya kawar da kai, irin kallon wanda aka ba ajiyar magana aka kuma tona a gabansa. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa jin irinsa ba. Amma ban yi kuka ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Na ce Oga a ba ni ɗan lokaci, na juya na shiga ɗakin saba na rufo ƙofa.

Na zauna a kan kwalin takarda, fanka tana hura min sanyi a wuya. Na ba sabar umarni ta sauke akwatin. Ta ƙi, ta ce wani yana riƙe da shi. Haka take, muddin akwai wanda ya buɗe fayil a ciki ba za ta saki ba. Na duba na ga Hajiya Akanta ce. Dole na sake fitowa na ratsa ta tsakiyar ofis, ido duk a kaina, na je na ce mata don Allah ta rufe Z ɗinta na ɗan lokaci. Ta rufe, sannan ta riƙo hannuna ta yi ƙasa da murya.

“'Yar nan, ashe barinmu za ki yi ba ko sallama? Ni a bakin masinja na ji, na ce ƙarya ne, da ta gaya min.”

Ashe har masinja ya sani. Kowa a ginin nan ya san ranar da zan bar aiki, ni kaɗai ce ba a aiko wa da sanarwa ba. Na ce mata Hajiya ni ma yau na ji, ta sake ni tana salati a hankali.

Na koma, na sauke akwatin. Ga zanen makaranta nan kwance a tsohuwar folda, da kwanan watan Lahadi a jikinsa, bene da rufi da komai. Na kwashe shi gefe, na mayar da akwatin, na zuba shi inda ya kamata ya kasance. Na ɗan ƙara zama, ba don aiki ba, don fuskata ta koma daidai. Sannan na fito na tsaya a bayan kujerarsa na ce ya sake dubawa.

Ya danna, gini ya fito da rufinsa. Ya sauke wata ajiyar zuciya, ya shafa fuska, ya ce alhamdulillahi ya fi a ƙirga. Oga ya tambayi abin da ya faru, na ce an yi ajiya ne a tsohon wuri ranar hutu, ban ƙara ko kalma ba. Hajiya Akanta daga kusurwarta ta ce ai kuwa an turo saƙo, ita ta gani. Oga ya ce to an wuce wurin, kowa ya koma bakin aiki, ya shige ofishinsa da sauri kamar ana kiransa a waya.

Masu makaranta suka zo suka karɓi zanensu suna ta yabo. Ina zaune saƙonnin Fensir suka fara shigowa. Wai na ceci rayuwarsa. Wai in yi haƙuri, ruɗewa ce, mutum in ya ruɗe ba ya sanin abin da yake faɗa. Wai shi ya san babu kamata a wannan fannin. Na bar su ban amsa ba. Da aka fita sallar azahar na tare shi a bakin bene na tambaye shi yaushe muka gama maganar barin aikina. Ya gyara fensir ɗin kunnensa, ya yi murmushin nan da a da yake kashe min jiki, ya ce haba Gimbiya, yau ranar farin ciki ce, mu bar wannan sai an natsu, komai zai daidaita. Ya ce in tuna fa kada in makara.

Ban makara ba. Na isa gida na tarar da ƙamshin turaren wuta har waje, an jera lemo da kek a kan tire, an rufe da farin kyalle. Auta ta ja ni ɗaki ta zaunar da ni tana shafa min hoda, bakinta bai huta ba. Ta ce nata ya kira har sau nawa yana tambaya ko baƙon ya iso. Ta ce sun ga wani gida mai ɗaki biyu, mai gidan ya ce ba zai jira su har abada ba. Tana ja min gira ta tsaya ta kalle ni ta madubi.

“Yaya, don Allah yau kada ki samo masa wani laifi. Na gaji wallahi.”

Ku da kuke cewa ba ni da tausayi, da kun ga fuskarta. Na ce a raina ko dai in haɗiye ne? Mata nawa suka haɗiye wanda ya fi wannan suna nan suna yawo da ƙafafunsu? Na sa rigar ruwan zuma, na yafa mayafin, na kalli kaina na ga na yi kyau, abin haushi.

Bayan la'asar ya iso, cikin fararen kaya, ba fensir. Muna jiyo shi daga ɗaki yana zuba gaisuwar da ya haddace, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Suka daɗe da Abba suna hira a kan tsadar siminti. Can Abba ya aiko a kira ni. Na shiga na zauna a ƙasa gefen kujerarsa, Umma da Auta kuwa na san suna bayan sabon labulen, don ina ganin yatsun ƙafar Auta.

Abba mutum ne mai magana a hankali, ya yi shekaru yana koyarwa kafin ya yi ritaya, kuma shi ya saya min kwamfutata ta farko. Ya ce ya ji daɗin natsuwar yaron. Ya ce abu ɗaya yake so ya ji da kunnensa, don na gaya masa mun yi magana a kan aikina.

“Ƙwarai kuwa, Abba,” in ji Fensir, kansa a ƙasa. “Ai ni ne mai ƙarfafa mata gwiwa. Ko yau sai da ta fitar da mu kunya a ofis.”

Abba ya gyaɗa kai, ya juyo gare ni. “Uwata, haka ne?”

Na kalli yatsun Auta a ƙarƙashin labule. Na kalli kofin nan mai bakin zinare a hannun Fensir, ko rawa ba ya yi. Da ya ɗan ji kunya ma, wallahi da na rufa masa asiri.

“Abba, a tambaye shi wa ya ce wa Oga tun watan jiya ya nemi wanda zai maye gurbina.”

Fensir ya ajiye kofin. Na zaci zai musa, ko ya ce ruɗewa ce. Bai yi ko ɗaya ba. Sai ya ɗaga kai ya kalli labule, irin kallon ɗalibin da ke neman a raɗa masa amsa. Abba ya bi inda idonsa ya tafi, ya cire tabarau a hankali ya ajiye a kan gwiwa, ya tambayi labulen ko akwai abin da ya sani.

Umma ba ta ko fito ba. Daga inda take ta amsa, muryarta sumul, kamar tana faɗin abin da za a dafa gobe.

“Ni na ce masa ya amsa mata da to, ya je ya shirya da mai gidan aikinsu. In an ɗaura ai zance ya ƙare. Da an biye wa yarinyar nan, a ƙarƙashin tebur za ta tsufa.”

Fensir ya sunkuya yana kallon kafet. Ni ina zaune cikin rigar ruwan zuma da girar da aka ja min, na rasa wanda zan fara kallo a cikinsu. Wadda ta fara kuka a gidan nan Auta ce, ba ni ba.